Abin da Baban Tsallake Ya Kai Gidan Mai Unguwa

Mahaifina bai taɓa jin an ce "kofa" ya ƙyale ba. Ko baƙo ne ya yi sallama a zaurenmu yana tambayar wace kofa ce ta gidan liman, sai Baba ya fara gyara masa baki kafin ya nuna masa hanya. "Ƙofa," zai ce, yana taɓa maƙogwaronsa da yatsa. "Daga nan ake ɗauko ta." A Minna kuwa wannan aiki ne da ba shi da ranar ƙarewa, domin rabin mutanen da ke Hausa da kai a kasuwa suka tsince ta. Mai kifi za ta ce ki kara kudi, mai doya zai ce dauki ki tafi, kuma duk ana gane juna, ana ciniki, ana rabuwa lafiya. Baba ne kaɗai abin yake tsaya wa a rai.

Unguwarmu Kwangila tsohuwa ce, jirgin ƙasa ne ya tara ta. Kakana ya baro Katsina da keken ɗinki a ka, yana bin masu aikin layin dogo yana ɗinka musu riguna, da aikin ya tsaya a nan shi ma ya tsaya. Baba ya gaji keken, ya gaji gidan, ya kuma gaji alfahari da Hausar garin da sau biyu ko uku kawai ya taɓa takawa. A layinmu akwai Gwarawa, akwai Yarbawa, akwai Nufawa, da hantsi kuma matan Fulani su shigo da ƙoren nono. Gidajen a manne suke da juna, lungunan kuwa in mai babur ya shigo sai kin lafe jikin bango. In aka yi haihuwa a gida ɗaya layin ne gaba ɗaya ke cin shinkafa, in aka yi rashi layin ne ke zaman makoki. Ni a nan aka haife ni, aure ma bai kai ni nesa ba, lungu biyu ne tsakanina da gidanmu. Tun da mahaifiyarmu ta rasu ni nake kai wa Baba abincin rana, saboda haka babu abin da ke wuce ni a layin. Dama can ni mutum ce mai son jin ƙwaƙwaf, ban kuma taɓa ɓoyewa ba.

Gidan da ke jikin namu ta gabas na wani dattijo ne Banufe, wanda mu yaran gidan muka taso muna ce wa Baban tsallake. Gyaran kan jirgi ya yi a reluwe har ya ajiye aiki. Gajere ne, mai faɗin kafaɗa, Baba kuwa dogo ne siriri, in suna tafiya masallaci tare sai Baba ya riƙa sunkuyowa don ya ji abin da yake cewa. Hausar Baban tsallake ita ce ainihin abin da Baba ya rayu yana yaƙa. Ba ƙa, ba ɗa, ba ɓa, kuma mace da namiji duk ɗaya ne a bakinsa. Tun ina rarrafe yake ce mini "yarinya, ka zo," har na haifi 'ya'yana bai canza ba. Ga shi Banufe, Baba Bakatsine, wasa ne tsakaninsu tun kakanni. Baba ya ce masa bawana, shi ya ce Bakatsine sarkin kuri, wato cika baki da ƙarya, su yi ta yi a kan dakali har a kira salla. Ban san su da wani abokin da ya wuce juna ba.

Katangar da ta raba gidajen biyu ta ƙasa ce, kuma a jikinta akwai kafa, wato 'yar huda daidai shigar kwanon tuwo. Mahaifiyarmu da matar Baban tsallake ne suka huda ta tun suna amare. Ta nan miyar busasshen kifi ke shigo mana, ta nan fura da dambu ke fita, ta nan ake aron gishiri, ta nan ake gulma. Da Baban tsallake ya ce "miko ta kafa," sai Baba ya ce, "Yau dai ka ci sa'a, wannan kafa ce, ba ƙafa ba." Matan biyu sun rasu shekara ɗaya tsakani, suna kwance kusa da juna a tsohuwar maƙabarta bayan layin dogo. Yanzu ta cika, sai a mota ake kai mamaci wata sabuwa can bayan gari, sai dai jefi-jefi in an ga ɗan gurbi a tsohuwar a sa wani dattijo.

To, a daminar da nake ba da labari aka yi wani ruwa irin na Minna, wanda ke zuba kamar an kifa baho. Lambatun layinmu ya toshe, ruwa ya koma cikin gidaje, katangar nan ta jiƙe ta zauna. Da ruwa ya ɗauke mazan layi suka yi gayya suka kwashe ƙasar, suka yashe lambatun. Ƙanena da ke aiki a Abuja ya ce ba za a sake ta ƙasa ba, ya turo magini da bulo. Maginin ba ɗan unguwa ba ne, bai san mu ba, bai san su ba. Ya ja igiyarsa ya miƙe layi sambal, a garin miƙewar katangar ta ci wajen taƙi ɗaya na filin Baban tsallake ta can ƙarshe, kusa da murhunsu. Kafa kuwa ko tunaninta bai yi ba, babu kuma wanda ya tuna masa sai da siminti ya bushe.

Baba ya ga taƙin nan tun ranar farko. Na gan shi yana gwadawa da hannunsa, daga babban yatsa zuwa na tsakiya, ya tsaya yana tsaki. Na ce, "Baba, ai sai ka yi masa magana." Ya ce zai yi. Bai yi ba. Baban tsallake ma bai ce uffan ba, suka ci gaba da zaman dakalinsu, amma ni na san abin yana cin Baba, domin mutum ne da ko zaren wani bai taɓa riƙewa ba.

Ana haka har kaka ta wuce, aka girbe dawa. Wata Laraba bayan la'asar na zo ɗaukar kwanuka, ina tsaye daga cikin zaure, su biyu suna kan dakali da wasu dattawa. Da kunnena na ji, ba wani ya faɗa mini ba.

Baba ya ce, "Banufe, ina ka shige da hantsi? Na aika a kira ka shan shayi aka ce ka fita."

Baban tsallake, kamar mai jin nauyi, ya ce, "Na je gidan mai unguwa. Na kai kara."

Baba ya juyo gaba ɗaya. "Ƙara?"

"E, kara."

"Ta wa?"

"Nawa da naka." Ya sunkuyar da kai yana murza carbinsa. "Na ga wuri ya matse, shi ya sa. Gara a auna tun muna da rai."

Baba ya miƙe, ya ɗauki butarsa, ya wuce ni ya shiga gida. Na bi shi na same shi tsaye gaban sabuwar katangar. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, shi ya sa ba ya kiran sunana. Ya ce, "Uwata, kin ji? A kan taƙi ɗaya. Ni zai kai ƙara gaban mai unguwa, bai iya buɗe baki ya gaya mini ba." Ni ma abin da na ji ke nan, kuma raina ya ɓaci sosai. Na ce a zuciyata, ashe mutum sai ya tsufa ake sanin halinsa.

Kafin magariba labari ya zagaye layi. Washegari a bakin famfo, inda mata ke jeruwa da bokitai ranar da ruwan madatsar Tagwai ya ga damar zuwa, ba a yi wata hira ba sai ita. Wata ta ce 'ya'yan dattijon ne suka zuga shi. Wata ta ce ai taƙi ba taƙi ba ne, kamu guda aka ci. Matar Bayaraben da ke da injin niƙa ta ce ita dai ba ta yarda ba, mutumin nan ko kaza ba zai kai kara ba. Baba ya daina zama a dakali. A masallaci ya canza wuri, ya koma ƙarshen sahu ta hagu, inda fanka ba ta kaiwa. Ya ciro babbar rigarsa ta Juma'a, ya sa aka goge, ya rataye a ƙusa, wai ranar da mai unguwa ya aiko kada a same shi a wulaƙance. Ya ma shirya abin da zai faɗa, ina ji yana maimaitawa shi kaɗai: zai rushe katangar da hannunsa, ya mayar wa Banufe taƙinsa, daga nan kowa ya kama gabansa.

Baban tsallake ma ya ɗauke ƙafa. Da farko na ɗauka kunya ce, sai na haɗu da surukarsa, matar ɗansa da ke kula da shi, a Kasuwar Kure wajen masu alayyafo. Ta ja ni gefe ta ce ƙafafunsa sun kumbura, numfashi yana yi masa wuya in ya kwanta, sun je asibiti an ce zuciya ce, kuma yadda likitan ya yi maganar ba ta ji daɗi ba. Ta ce ba ya cin abinci sosai, sai ya zauna a tsakar gida yana kallon katanga. Tsoro ne ya kama ni, kada mutumin nan ya mutu suna gaba da Baba. Na san mahaifina, in haka ta faru ba zai ƙara yini ɗaya cikin daɗin rai ba. Na gaya masa rashin lafiyar, ya ce Allah ya ba shi lafiya, ya juya fuska bango. Da na matsa sai ya ce, "Wanda ya kai ni ƙara ba ni ne zan fara zuwa gidansa ba. A kira mu tukuna."

Kiran ne bai zo ba. Mako ya wuce, wani ya bi, riga tana rataye har ta fara ɗaukar ƙura. Nan fa abin ya fara yi mini wani iri. Wace irin ƙara ce ba sammaci? Mai unguwarmu ba mutum ne mai jan magana ba, rigimar lambatu ma kwana biyu ba ta yi a hannunsa. Kuma kullum yana haɗuwa da Baba a masallaci, su gaisa, ya wuce, ko alamar akwai magana babu a fuskarsa. Na yi ta juya abin ina tuƙa tuwo, ina wanki, har maigidana ya ce ko dai ni aka kai ƙarar ne. Ranar Asabar na ɗauki kwalba na ce zan je sayen man gyaɗa, domin uwargidan mai unguwa tana yi, kuma ta san ni tun ina yarinya. Man gyaɗa dai akwai shi a gidana.

Na same ta tana matsar tunkuza. Muka gaisa, na tambayi jikoki, na yaba man, na zagaya na zagaya, sannan na ce, "Inna, ya maganar su Baba kuwa? Shiru muka ji."

Ta ce, "Wace magana?"

"Ƙarar da Baban tsallake ya kawo."

Ta dakata da matsar ta dube ni. "Ƙara kuma? Ni ban ji wata ƙara ba, kuma in da akwai da na ji. Na dai ga ya zo wata Laraba da karan dawa biyu a hannu, ɗaya dogo ɗaya gajere. Suka yi magana a zaure, suka fita tare da maigidan, ba su dawo ba sai wajen azahar. Na tambaye shi ya ce maganar maza ce."

Na tsaya riƙe da kwalba kamar wata sakarya. Na faɗi kalmar a bakina a hankali, da ƙa, sannan na sake faɗinta ba ƙa. Mu mata ba ma zuwa maƙabarta, amma na san kara. Ranar da mahaifiyarmu ta rasu na ga an shigo da shi, aka shimfiɗa shi a gefenta daga kai zuwa ƙafa, aka karye abin da ya yi saura, wani ya fita da shi da sauri ya kai wa masu haƙa. Da shi suke sanin tsawon kabari. Amma ban taɓa jin mai rai ya kai nasa da kansa ba, balle ya haɗa da na wani. Na biya kuɗin mai na fito, ban bi ta gidanmu ba, kai tsaye na wuce gidan tsallake.

Yana zaune a kujerar roba a inuwar ɗaki, an ɗora masa ƙafafu kan turmi. Ya rame a fuska, jikin kuwa ya kumbura. Na durƙusa na gaishe shi. Ya ce, "Yarinya, ka zo? Ubanka yana lafiya?"

Na ce lafiya lau. Ban iya kwana-kwana ba, na ce, "Baba, me ka kai gidan mai unguwa?"

Ya ce wa surukarsa ta duba ƙarƙashin gado. Ta fito da su, karan dawa biyu, an kankare ganyen tsaf, an ɗaure su da tsumma wuri ɗaya. Wata Bagwariya mai kawo itace ya sa ta zo masa da su daga gonarsu ta wajen Tagwai. Ya ce tun da ya fara jin numfashin nan ya san tafiya ta matso, kuma shi ba ya son a kai shi bayan gari inda bai san kowa ba. Akwai wani ɗan fili a tsohuwar maƙabarta, jikin katanga, daidai ƙafafun matan nan biyu. Duk zuwan da yake yi ziyara yana kallonsa, yana tambayar kansa ko zai ɗauki mutum biyu.

Na ce, "To naka ka kwanta an auna ka. Na Baba fa?"

Ya yi 'yar dariya har tari ya sarƙe shi. "Ubanka ya cika barci. Bayan azahar a zaure, a kan tabarma, baki bude. Ko barawo ya dauke shi ba ya sani. Na sa kara, na auna, na karya, na tafi."

Mai unguwa, in ji shi, ya gaya masa ba a kama wa mai rai wuri, babu wanda ya san inda ƙasarsa take. Shi ma ya ce ya sani, ba kamawa ya zo yi ba, gani kawai yake so ya yi. Don girman shekarunsa mai unguwa ya raka shi, suka shimfiɗa karan biyu a filin. Na ce, to ya aka gani? Ya ce, "Nawa ya shiga. Na Bakatsine ya yi tsawo kadan."

Sai fuskarsa ta canza. Ya ce ya san ya yi laifi, ba a auna mutum yana numfashi, duk wanda aka yi wa haka dole ya ga kamar fatan mutuwa ake yi masa. Shi ya sa da Baba ya tashi ya bar dakalin bai bi shi ba. "Yana da gaskiya ya yi fushi. Amma ka gaya masa ba mugunta ba ne. Na saba da shi ne kawai."

Na ce, "Baba, katangar fa? Taƙin da aka ci?"

Ya dube ni kamar na yi masa wani yare. Ya waiwaya ya dubi katangar. "Wane taki? Ni abin da na gani, ba su bar kafa ba."

Dariya ta zo mini, kuka ya zo mini, na rasa wanda zan fara. Na karɓi dogon karan na ce ya ara mini, na zagaya ta ƙofar gida. Mutanen dakali suka bi ni da kallo, mace da kara a hannu tana sauri, wani har ya fara salati yana tambayar wa ya rasu.

Na sami Baba a tsakar gida yana sa wa keken ɗinkinsa mai, keken da ya daina aiki da shi tuntuni. Na jingina karan a jikin katanga na ce, "Baba, ga abin da aka kai gidan mai unguwa. Naka ne wannan, nasa yana can." Na gaya masa komai, har barcin zaure da buɗe baki ban rage ba. Bai katse ni ba. Da na gama ya tashi ya tsaya kusa da karan, tsawonsu ɗaya cif. Na yi zaton zai yi faɗa, ko ya yi dariya. Sai ya ce, "Maimaita mini abin da ya ce ran nan a dakali."

Na ce, "Na kai kara."

"Da na ce ta wa?"

"Ya ce nawa da naka."

Baba ya koma ya zauna a kan benci. Ya faɗa a hankali, "Nawa da naka. Kara namiji ne, Uwata. Ƙara ce mace." Ya sake duban karan. "Daidai ya faɗa, ko wasali bai ɓata ba. Ni ne na sa masa ƙa ɗin da bakina."

Na ce to sai ya tashi mu je, ga ƙofa nan kusa. Ya ce ba ta ƙofa zai je ba. Ya shiga ɗaki ya fito da guduma da wani tsohon kurfi na huda bango, ya nufi katangar, ya ƙiyasta inda tsohuwar kafar take, ya fara bugu. Mutum ne da ya haura tamanin, bugu uku sai ya huta. Na ce ya bari a kira magini, ya ce maginin ne ai ya jawo. Ƙarar gudumar ta fito da mutane. Bayaraben mai injin niƙa ya leƙo, ya ga abin da ake ciki, bai tambayi komai ba, ya karɓi gudumar ya ce, "Baba, kawo, ka nuna mini wuri." Mata suka cika zaure, dattawan dakali suka shigo har tsakar gida, abin da ba su saba ba. Bulo ɗaya ya fashe, aka zare gutsattsarin, haske ya shigo daga wancan gefen.

Ta hudar na hango surukar tana jawo kujerar roba kusa. Baba ya sa aka kawo masa benci, ya zauna, ya sunkuya daidai kafar kamar yadda yake sunkuyawa in suna tafiya masallaci.

Ya ce, "Kai bawana. Wa ya ba ka izinin auna ubangidanka?"

Muryar Baban tsallake ta zo daga can. "Bakatsine, ka yi hakuri."

"Ni ne zan ce ka yi haƙuri. Na ɗauka ƙarata ka kai."

"E, karanka na kai."

Tsakar gidan ta fashe da dariya, har Baba sai da ya dafe ciki. Sai da aka yi ta bayani, wannan ya faɗa wancan ya faɗa, kafin Baban tsallake ya gane abin da aka ɗauka. Da ya gane ya ce, "Kai Bakatsine, a kan katanga? Hausa ya yi maka yawa." Baba bai musa ba. Can ya rage murya ya ce, "An ce nawa bai shiga ba."

"Ya yi tsawo kadan. Sai ka lankwasa kafa."

Na zuba wa Baba ido, domin na san abin da ke biyo bayan irin wannan, yatsa a maƙogwaro. Bai ɗaga hannu ba. Ya ce, "To, na ji." Ya juyo ya ce mini in dama fura in miƙa ta nan, mutumin nan an ce ba ya cin abinci.

Daga ranar benci bai bar gindin katangar ba. Baban tsallake bai ƙara iya fitowa dakali ba, sai dakalin ya dawo tsakar gidanmu, dattawa su zauna ta wannan gefe, shi ta wancan, ana hira ta hudar bulo ɗaya. In jirgin da ke wucewa Zungeru ya yi kuka, sai ya gaya musu daga jin muryar injin ko lafiyarsa ƙalau, Baba ya ce ƙarya yake yi. Rigar Juma'a ta sauka daga ƙusa ta koma adaka. Maganar taƙi kuwa ban sake jin wani ya tayar ba.

Baban tsallake bai kai azumi ba. Da safe ne, na zo gaida Baba, surukar ta leƙo ta kafar ta kira ni a hankali, na gane tun kafin ta faɗa. Layin ya cika kafin hantsi. Da masu haƙa suka aiko a kawo awo, ba a nemi sabon kara ba, aka zaro nasa daga ƙarƙashin gado. Mai unguwa da liman suka yi shawara, aka ce a kai shi tsohuwar maƙabarta, gurbin jikin katanga. Na yi kuka sosai ranar, fiye da yadda na zata.

Da za a fita da makara na ga Baba ya koma ɗaki. Ya fito da dogon karan nan a hannu, ya riƙe shi kamar sanda, ya bi bayan mutane. Mu mata muka zauna a tsakar gidan tsallake muna karɓar gaisuwa, ni kuwa hankalina yana kan ƙofa.

Sai bayan azahar ya dawo, a bayan kowa, gwiwoyin wandonsa duk jar ƙasa. Na tare shi a zaure da ruwa a kofi. Ya jingina karan a bayan ƙofa, ya ce in gaya wa jikoki kada wanda ya taɓa shi, ba na hura wuta ba ne. Ya sha ruwan ya miƙo mini kofin.

Na ce, "Baba, an yi lafiya?"

Ya ce, "An yi lafiya. Da mutane suka watse na tsaya na gwada da kaina." Ya share baki da gefen rigarsa. "Zai isa, Uwata. In na lankwasa kafa."

Haka ya faɗa, ba ƙa ko ɗaya, ya wuce ciki ya zauna a bencinsa na gindin katanga.